Babi na Takwas: Abin da Yunwa Ke Yi wa Hankali

Idan yarinya ta cinye tukunyar shinkafa a ɓoye, sannan ta zagaya bayi ta sa yatsa a maƙogwaro ta amayar, hukuncin gida a shirye yake: kwaɗayi mabuɗin wahala. Idan kuma ƙin ci ta yi har ƙasusuwan wuya suka fito, sai a ce iska ce ko sammu. 'Yan boko su kuma su ce ai cutar Turawa ce, ta waɗanda ƙoshi ya yi wa yawa. Duk ukun kuskure ne, kuma kuskure mai cin rai.

Sunayen cutukan ba za su tsayar da mu ba. Likita William Gull na Ingila ya raɗa wa ƙin cin abinci suna anoreksiya a 1873. Gerald Russell ya bayyana bulimiya, wato zarin ci da amai, a 1979. Ta uku zarin ci ce ba tare da amai ba. Rarrabe su aikin asibiti ne. Abin da ya kamata kowa ya sani yana cikin labarin wasu samari 36.

A ƙarshen 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Ancel Keys na Jami'ar Minesota a Amurka ya tara waɗannan samari, waɗanda aƙidarsu ta hana su ɗaukar bindiga. An tantance su, lafiyayyu ne jiki da hankali. Aka ciyar da su sosai tsawon mako 12, sannan aka rage abincin da kusan rabi har mako 24: dankali, burodi, taliya. Ga tafiyar ƙasa ta kilomita 35 kowane mako. Kowannensu ya zubar da kimanin kashi 25 cikin 100 na nauyinsa.

Ramar ba ta ba kowa mamaki ba. Hankalinsu ne ya juya. Mazan da ba su taɓa hura wuta ba suka shiga tara littattafan girki. Hira ta koma ta abinci, mafarki ma haka. Wani ya lashe kwano, wani ya ja loma kaɗan ta kai shi awa biyu. Fara'a ta gudu, faɗa ya yawaita, sha'awar mata ta mutu. Ɗaya daga cikinsu ya datse yatsunsa uku da gatari. Da aka sakar musu abinci, wasu suka riƙa ci har ciki ya yi ciwo, amma ba su ji sun ƙoshi ba, kuma an ɗauki watanni kafin cinsu ya daidaita.

To ina kwaɗayi a nan? Ina aljani? Yunwa kaɗai ta haifar da kusan duk alamun da ake gani ga mai cutar. Ƙwaƙwalwar da aka hana abinci ba ta da zance sai na abinci, kuma ranar da ta samu dama, rama bashi take yi. Duk mai azumi ya ɗanɗana ƙaramin samfurin haka a faifan buɗa-baki, sai dai nasa yana ƙarewa da kiran sallar magariba. Yarinyar da ke ƙuntata wa kanta don ta rame ba ta da magariba. Ta ƙi ci, zari ya kwashe ta, kunya ta sa ta amayar, gobe ta ƙara ƙuntatawa. Aman kuwa yana zubar da sinadarin fotasiyam, bugun zuciya ya rikice.

Masu cewa cutar Turawa ce su dubi tsibirin Fiji, inda ake yabon mace mai jiki kamar yadda ake yi a nan. Talabijin ta isa yankin Nadroga a 1995. A lokacin, mai bincike Anne Becker ba ta samu ko ɗaliba ɗaya da ke amai don rage ƙiba ba. A 1998 ta samu kashi 11 cikin 100. Talabijin ke nan ta shekara uku. Yau wayar hannu tana Dutsen Abba kamar yadda take Sabon Gari.

Namu matsin ma ta fuska biyu yake zuwa. Waya na cewa rame, dangi na cewa “Ke kuwa ba ya ba ki abinci ne?” Daga nan sai a nufi kemis neman sha-ka-fashe. Irin waɗannan ƙwayoyi galibi deksametason ne da sifiroheftadin. Na biyun buɗe ciki yake yi. Na farkon yana kumbura fuska, ya tara ruwa a jiki, ya jawo hawan jini da ciwon suga, ya raunana garkuwar jiki. Wannan ba ƙibar lafiya ba ce! Larabawan Azawag na Nijar, waɗanda mai bincike Rebecca Popenoe ta zauna da su, da nono da gero suke yi wa 'yan mata ɗura tun daga famfara. Hanya daban, dalili ɗaya: jikin yarinya ya zama abin da jama'a ke yanke wa hukunci.

Magani akwai, kuma matakin farko yakan ba iyaye mamaki: ci a kan lokaci, sau uku a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani, ko ga mai zari. Sai an ƙosar da ƙwaƙwalwa take sauraron nasiha. Daga nan masanin halayya ya shiga gyaran tunani. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Addu'a ba ta hana zuwa can.

Uwa ko gwaggo da ta ga 'yarta na tashi daga kwano zuwa bayi, ko al'adarta ta ɗauke tare da rama, ko fuskarta ta kumbura cikin 'yan makonni, kada ta yi gori, kada ta kirga mata loma a gaban mutane. Ta ja ta ɗaki, ta tambaye ta abin da ke damunta, sannan ta raka ta wurin likita a makon nan. Anoreksiya na cikin cutukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, kuma wadda aka kama da wuri ta fi saurin warkewa.