Ranar da Aka Kira Itatuwa Shaida a Garin Falon

Duk masassaƙin da ya taɓa kayar da itace a bakin dajin Rugu, tsakanin Batsari da Safana, ya san zobban nan da ke jere a jikin kututture. Inda damina da rani suka rabu sosai, itatuwa da yawa kan ƙara zobe guda duk shekara. Amma mai karatu, da an ce maka zobban nan na iya ba da shaida a kan ciwon yara, za ka yarda?

Falon ƙaramin gari ne a hamadar jihar Nebada ta Amurka, mutanensa ba su fi dubu takwas ba. Daga 1997 zuwa 2002, yara 16 na yankin suka kamu da sankarar jini. A gari irin wannan, yaro guda cikin shekaru da dama shi ne abin da aka saba gani. Kai ne uba a garin, me za ka yi? Ka kwashe iyali ka gudu, ko ka tsaya ka nemi mai laifi?

Zargi ya yi ta yawo. Wasu suka ce sansanin jiragen yaƙin da ke gefen gari ne, da bututun man da ke kai masa. Wasu suka ce gubar asinik ce ta ruwan sha. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta auna fitsarin mutane, sai ta ci karo da abin da ba shi aka fita nema ba: tangistan, ƙarfen zaren cikin ƙwan lantarki irin na da, ya yi yawa a jikinsu. To amma masu lafiya da marasa lafiya duk suna ɗauke da shi, kuma ƙasar Nebada dama tana da shi. Tun yaushe ya yi yawa? Fitsarin yau ba ya ba da labarin shekaranjiya.

Nan Paul Sheppard ya shigo, masanin zobban itace daga Jami'ar Arizona, tare da abokin aikinsa Mark Witten. Bai sare ko reshe ba. Wani siririn mahuji ya murɗa cikin gindin itatuwan gari, ya zaro tsinken katako mai kaurin fensir, ya ƙidaya shekaru daga ɓawo zuwa ciki, ya yanka gunduwa-gunduwa aka auna. Haka ya yi a garuruwan maƙwabta, Lovelock da Fernley da Yerington. Me ka ke jin ya gani?

Zobban farkon shekarun 1990 na Falon ba su bambanta da na maƙwabta ba. Daga tsakiyar shekarun sai tangistan ya hau, daidai lokacin da ciwon ya kunno kai. Ƙurar iskar garin ma ta nuna tangistan da kobal, kuma a cikin garin akwai masana'antar da ke sarrafa ƙarafan biyu. An buga sakamakon a 2007.

Ka ce an kama ɓarawo ke nan? Dakata. Wasu masana suka ce ƙarfe kan ratsa daga wannan zobe zuwa wancan tare da ruwan jikin itace. Sheppard kansa bai ce tangistan ne ya kawo sankarar ba. Lokaci kawai ya nuna. Ni a nan na ga dattakunsa, domin iyaye na jiran suna guda, shi kuwa ya ƙi faɗin abin da bai tabbatar ba. Har yau ba a tabbatar da musabbabin ciwon yaran Falon ba.

Mu a nan agwagi ne suka fara faɗa mana. A Zamfara a 2010 sun yi ta mutuwa kafin a gane gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙa a cikin gidaje a Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara sama da 400. Su kuwa itatuwan da ke shan ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna nan tsaye, suna ƙara shekara a kan shekara. Da mahujin Sheppard na hannunka, mai karatu, wanne za ka fara hudawa?