Miga: Ƙaramar hukumar da rayuwarta ke bin Kogin Haɗejiya

Duk shekara idan damina ta yi nisa, sunan Miga kan fito a labarai tare da Ringim da Taura da Auyo da Kafin Hausa, cikin jerin ƙananan hukumomin Jihar Jigawa da ambaliya ke yi wa ɓarna. Da zarar ruwa ya janye kuma sai a daina jin ɗuriyarta, alhali a lokacin ne harkokinta ke kankama.

A tsarin mulki Miga ba ta daɗe ba. An cire ta daga Jahun a shekarar 1996, shekara biyar bayan kafa Jihar Jigawa, kuma har yau ita da Jahun ɗan majalisar wakilai ɗaya suke aikawa Abuja. A sarauta tana ƙarƙashin Masarautar Dutse. Faɗin ƙasarta murabba'in kilomita 586 ne, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutum 128,424, wato kusan mutum 220 a kowane murabba'in kilomita. Da yake ba a sake ƙidaya ba tun daga wannan shekara, duk adadin da aka ambata yanzu kiyasi ne kawai. Mazaɓunta goma ne, cikinsu akwai Hantsu da Sansani da Tsakuwawa da Zareku da Koya. Hausawa da Fulani ne mafi yawan mazaunanta.

Baƙon da ya shiga garin zai ga sakatariya da fadar hakimi da masallacin Juma'a da kasuwa, kamar kowace hedikwatar ƙaramar hukuma. Abin da ya bambanta Miga yana bayan gari. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ta kasu tsakanin tudu mai yashi, inda ake noman gero da dawa da riɗi, da kuma fadama mai baƙar ƙasa wadda Kogin Haɗejiya ke shayarwa. A fadamar ake noman shinkafa da damina, da rani kuma a koma alkama da tumatir da albasa. Masunta na samun kifi a tafkunan da ruwa ya bari, makiyaya kuma su gangaro da shanunsu idan ciyawar tudu ta bushe.

Sai dai ruwan da ke ciyar da wannan fadama daga nesa ake sarrafa shi. Kogin ya samo asali ne daga haɗuwar Kogin Kano da na Challawa, kuma an datse su duka biyun: madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Tun daga nan kogin da a da yake ƙafewa da rani ya koma gudana kusan duk shekara. Noman rani ya bunƙasa, amma ciyawar kachala ita ma ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru a bayanta. Idan aka yi ruwa mai yawa kamar na 2020 da 2022, kogin kan rasa mafita ya malala cikin gonaki da ƙauyuka.

Ɗan kasuwar da ke sayen shinkafa a Kano yana da ruwa da tsaki a nan. Gonar da ruwa ya shanye a watan Satumba buhu ne da ba zai iso kasuwa ba, manomin da ya ci bashin taki kuma sai ya jira amfanin rani kafin ya biya.