Sayen Sabon Babur: Tsakanin Haƙƙi da Gyara

Duk wanda ya saba shiga kasuwa a ƙasar Hausa ya san abin da ake kira gyara. Idan mutum ya sayi mudun gero, ko kashin tumatir, ko balangu a wurin mahauci, bayan ya biya kuɗi yakan ce wa mai kaya, "A gyara mini." Shi kuwa mai kaya sai ya ɗan ƙara masa wani abu a kan abin da aka yi ciniki. Wannan ƙari shi ne gyara. Ba dole ba ne, alheri ne da ɗan kasuwa yake yi domin mai saye ya ji daɗi, gobe ya sake dawowa.

Al'adar gyara ta wuce kasuwar hatsi da ta kayan miya, har ta kai shagunan babura. Sai dai kuɗin babur ba kuɗin gero ba ne. Wani sai ya sayar da sa, wani ya haɗa amfanin gonarsa na shekara, wani kuma ya jira kwasar adashi, kafin ya iya mallakarsa. Saboda haka ya kamata mai saye ya bambance abubuwa biyu: abin da yake haƙƙinsa, watau wanda kuɗinsa ya riga ya biya, da abin da yake gyara. Wanda bai san wannan bambanci ba, sai a miƙa masa haƙƙinsa da sunan kyauta, har ya yi godiya.

Babur a ƙasar Hausa

A shekarun 1970 yawancin baburan da ake gani a Kano da Zariya da Katsina ƙirar Japan ne, irin su Honda da Yamaha da Suzuki, sai kuma Vespa ta Italiya. Ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta da 'yan kasuwa su ne suka fi hawansu. Da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare a shekarun 1980, sai matasa suka shiga ɗaukar fasinja da babur. Ana kiran wannan sana'a acaɓa a Kano, a Sakkwato da Jamhuriyar Nijar kuwa kabu-kabu. Daga baya baburan ƙasar Sin masu sauƙin kuɗi, kamar Jincheng, suka cika kasuwa, sa'an nan Bajaj na Indiya ya biyo baya.

A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a cikin birni. Duk da haka babur bai rasa matsayinsa ba. Da shi manomi yake kai kaya kasuwar ƙauye, da shi magidanci yake zuwa wurin aiki. Ba banza ba akan kira shi dokin ƙarfe. Amma wanda ya sayi doki ya san sirdi da linzami ciniki ne daban; shi kuwa babur akwai kayan da ba a raba shi da su.

Abin da yake haƙƙi

Yawancin sababbin babura a cikin kwali suke isowa, ba a gama haɗa su ba. Tayar gaba daban, kan babur daban, batir daban. A cikin kwalin kamfani yakan sa madubai biyu, da makullai biyu, da littafin bayani, da 'yar jakar kayan aiki mai ɗauke da sifana da sukundireba da abin kwance fulogi. Kuɗin waɗannan kaya yana cikin farashin babur tun daga masana'anta. Idan mai shago ya riƙe makulli ɗaya, ko ya nemi a biya kuɗin madubi, to, ya sayar da abu ɗaya sau biyu ke nan. Shi ya sa masu wayo suke cewa a buɗe kwali a gabansu.

Abu na biyu shi ne haɗawa. A bakin shagunan akwai samari da sana'arsu ke nan, kuma suna da saurin hannu. Ya kamata tun kafin a biya kuɗi a san wanda zai biya ladansu, mai shago ko mai saye. Idan an gama, sai a duba birki na gaba da na baya, da iskar taya, da fitilu, da baƙin mai, a kuma tabbatar an ɗaure kowane noti tamau. Noti ɗaya da aka bari sako-sako a tayar gaba ya isa ya kayar da mutum tun bai isa gida ba.

Abu na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne takardu. Dole rasit ya nuna sunan shago, da sunan mai saye, da ranar ciniki, da lambar inji, da lambar shasi, watau lambar da aka buga a jikin ƙarfen babur. Mai saye ya durƙusa da kansa ya gwada lambobin da ke takarda da waɗanda ke jikin ƙarfe. Kuskuren lamba ɗaya yana iya sa jami'an tsaro su tsare babur a hanya, ko a zargi mai shi da sayen kayan sata, ko kuma ya kasa sayar da shi nan gaba. Da wannan rasit ne ake zuwa ofishin haraji na jiha a yanki lamba, a kuma yi inshora. Daga watan Janairu na 2023 hukumar kula da inshora ta Nijeriya ta tsayar da naira 3,000 a shekara a matsayin kuɗin inshorar babur, irin wadda ke biyan ɓarnar da aka yi wa wani.

Na huɗu shi ne garanti, watau alkawarin gyara ko canza abin da ya lalace saboda aibin ƙira. Alkawarin baki ba ya isa. A rubuta tsawon lokacinsa, da sassan da ya ƙunsa, da wurin da za a kai babur. Akan ga an buga a ƙasan wasu rasit cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Amma dokar kare masu saye ta Nijeriya ta 2018 ta ba mutum damar mayar da kaya masu aibi. Haka kuma a fiƙihun Malikiyya, wanda 'yan kasuwar Kano suka tashi a kansa, wanda ya tarar da tsohon aibi da ba a bayyana masa ba yana da zaɓin mayar da kayan.

Abin da yake gyara

Sai an gama da haƙƙi sa'an nan ake maganar gyara. Ga irin hirar da akan ji a bakin shago:

Mai saye: To, Alhaji, na biya. Me za a gyara mini da shi?
Mai shago: Haba Malam, ai yadda na sallama maka ko riba babu.
Mai saye: Duk da haka a duba, Alhaji. Ƙanena ma yana neman irinsa.
Mai shago: Shi ke nan. Kai yaro, zuba masa mai lita biyu, ka ɗauko masa rigar kujera.
Mai saye: Na gode. Allah ya ƙara kasuwa.
Mai shago: Amin. Allah ya sa a kashe lafiya.

Wannan addu'a ta ƙarshe ita ake yi wa wanda ya sayi sabon abu. Ma'anarta, Allah ya ba shi rai da lafiya ya yi amfani da abin har ya tsufa.

Kayan da akan bayar gyara iri uku ne. Akwai na ado, kamar rigar kujera da takardun mannawa da geza. Su ne suka fi jan hankalin matasa, su ne kuma mai shago ya fi son bayarwa, domin ba su da tsada. Akwai na amfani, kamar fulogi na ajiya, da kwaɗo da sarƙa na ɗaure babur, da juyen mai na farko kyauta. Wannan juye yana da dalili. Sabon inji yana zubar da ɓurɓushin ƙarfe a cikin baƙin mai yayin da sassansa suke gogar juna, saboda haka kamfanoni suke umartar a canza man bayan kilomita 500 zuwa 1,000, gwargwadon irin babur. Wanda ya yi sakaci da shi ya rage wa injinsa kwana. Iri na uku kuwa na kare rai ne, watau hular kwano.

Hular kwano

Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairu, 2009. Nan da nan farashin hula ya tashi. A Kano wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya ko robar fenti a ka, su ɗaure da igiya, har labarin ya kai kafofin watsa labarai na duniya. Mutane sun ba da dalilai da dama na ƙin hular: tsada, da zafi, da wahalar sa ta a kan rawani ko ɗankwali, da ƙyamar hular da wani ya cire.

Amma kai ba shi da na ajiya. Littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ya nuna cewa hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, tana kuma rage haɗarin mummunan rauni a ka da kimanin kashi 70 cikin ɗari. Sai dai ba kowace hula ce take wannan aiki ba. Ta ƙwarai tana da ɓawo mai ƙarfi a waje, da soso mai kauri da tauri a ciki wanda yake shanye bugu, da maɗauri a ƙarƙashin haɓa. Ta kuma zauna daidai kan mai ita. Hular magina ba ta maye gurbinta, kuma wadda ta taɓa buguwa a haɗari ta gama aiki ko da ba a ga tsaga ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Idan hular da aka bayar gyara ta roba ce sakayau, gara mai saye ya nemi a rage masa kuɗi, ya cika ya sayi ta kirki.

Yadda abin yake a Riyad

Bahaushe ba baƙo ba ne a Saudiyya. Hanyar aikin hajji ta kai Hausawa Makka da Madina da Jidda tun zamanin tafiyar ƙasa, karatu da neman abinci kuma sun kai wasu Riyad, babban birnin ƙasar. A can mota ce abin hawan jama'a. Babur, wanda mutanen gari suke kira dabbab, an fi ganinsa a hannun masu kai wa mutane abinci gida ta manhajoji irin su HungerStation da Jahez, da kuma masu hawa don nishaɗi.

Bakanon da ya shiga shagon wakilin kamfani a Riyad zai tarar da babur a haɗe, ga farashi a rubuce. Takardar ciniki tana nuna harajin kaya, wanda ya koma kashi 15 cikin ɗari tun watan Yuli na 2020. Ƙa'idojin Ma'aikatar Kasuwanci sun wajabta wa wakili garanti wanda bai gaza shekara biyu ba, da kuma samar da kayan gyara. (A nan kalmar gyara tana da ma'anarta ta biyu: kayan gyara su ne sassan da bakanike yake canzawa.) Ba a hawa titi sai da lamba, da takardar rajista da ake kira istimara, da inshora, da lasin tuƙa babur, kuma rashin hular kwano laifi ne da ake cin tara a kansa.

Ke nan abin da mai saye yake tsayawa ya nema da bakinsa a Kano, a Riyad hukuma ta riga ta rubuta mafi yawansa. Amma ba a rasa abin tambaya ba. Ya kamata a ji ko farashin ya haɗa da haraji da kuɗin lamba da inshora, ko juyen farko kyauta ne, da kuma abin da yake ɓata garanti, alal misali kai babur wurin bakaniken da ba na wakili ba. Idan waɗannan sun tabbata a rubuce, sai a nemi ƙarin hula ko safar hannu.

Kammalawa

Ko a Kano ko a Riyad, tsarin ɗaya ne. A fara da ƙirga kayan kamfani, a duba haɗi, a gwada lambobi, a karɓi garanti a rubuce. Waɗannan ba a roƙonsu, domin an biya. Bayan nan sai a ce a gyara, kuma mai hankali yakan zaɓi hular kwano a kan rigar kujera. Ta haka ne addu'ar mai shago za ta samu abin kamawa, a kashe babur lafiya.

Tambayoyi

1. Mene ne gyara, kuma me ya bambanta shi da haƙƙi?
2. Waɗanne kaya ne kamfani yakan sa a cikin kwalin sabon babur?
3. Don me ake gwada lambobin rasit da na jikin babur?
4. Kawo bambanci biyu tsakanin sayen babur a Kano da sayensa a Riyad.
5. Yi jimla biyu da kalmar gyara, kowace da ma'anarta daban.