Ko Kun Sani? Zafi ne ke cinye bakin diril

Ko kun san cewa yawancin bakin diril da ke dakushewa wajen huda ƙarfe, zafi ne ke kashe su? Wannan ya sa ƙarfe mai jure zafi da ake kira HSS ya samu karɓuwa. Frederick Taylor da Maunsel White ne suka inganta shi a masana'antar Bethlehem Steel ta Amurka, aka nuna shi a baje kolin Paris na 1900. Yana riƙe taurinsa har zafi ya kusa digiri 600 a ma'aunin Celsius.

Ga ƙarfe mai tauri irin sitenles, ku nemi mai haɗin kobalt: M35 yana da kashi 5 cikin ɗari, M42 kashi 8. Kobalt ɗin a narke yake cikin jikin ƙarfen, don haka ana iya wasa bakin sau da yawa. Sai dai yana da gautsi, in ya karkace a rami nan take ya karye. Mai launin zinariya kuwa shafen titaniyam ne a sama, kada ƙyallinsa ya ruɗe ku. Wasawa ɗaya shafen bakin ya tafi.

Wajen aiki, ku fara buga alama da fanci don kada baki ya zame. Ku rage gudun inji, musamman a babban rami, ku danna sosai, ku riƙa ɗiga mai. Ɓarɓashin da ke fita a nannaɗe alamar baki na yanka ne. In ya koma gari, ko bakin ya yi shuɗi, ku dakata ya huce. Sitenles kuwa, in baki yana gogarsa ba ya yanka, ƙara tauri yake yi.