Masu Shuka a Tsakiyar Ƙanƙara

A jihohin arewacin Amurka irin su Minnesota da Michigan, da kuma ƙasar Kanada, watan Janairu ba watan noma ba ne. Ƙasa takan daskare ta yi tauri, dusar ƙanƙara ta rufe komai. Amma a daidai wannan lokaci za ka ga bayan wasu gidaje an jera galan-galan na roba waɗanda aka shanye madarar cikinsu, kowanne da ƙasa a ciki, an bar su a fili sanyi yana dukansu. Baƙo zai ɗauka shara ce. Shuka ce aka yi.

Wadda ta yayata wannan dabara wata mata ce daga jihar New York mai suna Trudi Davidoff, wajen shekarar 2000. Kafin nan al'adar masu lambu a can ita ce renon iri a cikin ɗaki, ƙarƙashin fitilun lantarki, har bazararsu ta shigo. Ita kuwa gidanta ba shi da wurin wannan hidima, sai ta fitar da irin waje. Abin ya karɓu, har a 2006 ma'aikatar gona ta Amurka ta shigar da sunan dabarar cikin kundin kalmomin noma na ɗakin karatunta.

Aikin ba wuya. Galan mai cin lita kusan 4 ake samu, wanda haske ke ratsa jikinsa. A huda gindinsa wuri huɗu ko biyar don ruwa ya riƙa tsiyayewa, a yanka shi ta ciki a zagaye, a bar ɗan wuri kusa da mariƙi yadda zai buɗu ya rufu. A zuba ƙasar reno mai laima kimanin santimita 8 zuwa 10, a yafa iri, a mayar da saman a naɗe da salatif mai ƙarfi. Murfin kuwa jefar da shi ake yi, domin ta bakin ne ruwa da ƙanƙara ke shiga, zafi kuma ya fita. Akan rubuta sunan irin ciki da waje, don rana tana cinye tawada, kuma duk tsiro a kwanakinsa na farko kamarsu ɗaya.

To me ya sa sanyin ba ya kashe irin? Ai da yawa daga tsirran ƙasashen sanyi ba sa tsirowa sam sai sun sha sanyi. Ƙwayar da ta faɗo ƙasa a watan Oktoba, in ta yi gaggawar fitowa, hunturu zai hallaka ta tun tana jaririya. Don haka akwai wani sinadari a cikinta da ke riƙe ta a barci, kuma ba ya raguwa sai ta kwana a laima da sanyin da bai wuce digiri 1 zuwa 5 ba, na tsawon wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon irin. Daskarewa da narkewa, yau da gobe, su ma suna sassauta ɓawon. Wasu kan yi wa iri wayo su sa shi a firji cikin yashi mai danshi. Mai galan ya huta da wannan, sararin sama ne firjinsa.

Galan ɗin kansa ba ɗumi yake bayarwa da dare ba, ciki da waje duk daskarewa suke. Amfaninsa tsaro ne: tsuntsu ba zai tsince irin ba, kurege ba zai tone ba, ruwa ba zai kwashe ba. In rana ta fara ƙarfi a watan Maris ko Afrilu, cikinsa kan ɗan fi waje ɗumi, sai tsiro ya leƙo. Shi wannan tsiro gajere ne, kakkaura, ya saba da iska da sanyin dare, ba ya bukatar a yi mako guda ana fitar da shi ana mayarwa kafin dashe kamar wanda aka rena a ɗaki.

Ba kowane iri ne ke son haka ba. Kabeji, latas, alayyafon Turawa da furannin daji su ne 'yan gaban goshi, musamman wata ciyawa mai farin ƙaro wadda tsutsar wani malam-buɗe-littafi mai ƙaura zuwa Meziko ba ta cin komai sai ita. Tumatir da tattasai 'yan zafi ne, sai sanyi ya kusa wucewa ake zuba su. Kuma a gaskiya masu tallar dabarar sukan wuce gona da iri in suka ce a ajiye a manta. Rana ɗaya mai zafi a ƙarshen Afrilu ta isa ta dafa tsiron da ya jure watanni uku na ƙanƙara, in ba a buɗe galan ba. Rashin huda gindi kuwa ruɓewa ce kai tsaye.

Manomin gero a Katsina ko Maraɗi ba zai yi mamakin tushen wannan tunani ba, domin ya san binne: a zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin damina, a bar shi ya jira ruwan fari. Haɗarin ma iri ɗaya ne, yayyafin da zai tayar da iri sannan ya ɗauke. Sai dai kada wani ya ga hoto a Facebook ya yanka jarka ya rufe tumatirinsa a ranar Kano. Hunturunmu bai kai sanyin da ake magana ba, irinmu kuma ba sanyi yake jira ba. Abin da ke riƙe ƙwayar kuka, gawo da bagaruwa taurin ɓawo ne, shi ya sa masu renon itatuwa ke jiƙa su a ruwan zafi ko su kankare gefensu, gawo kuma yakan tsiro da kansa bayan ya bi ta cikin akuya. Mai lambun rani a nan, inuwa ce bukatarsa, kuma rufin ciyawar da yake yi wa gadon albasa ya fi masa kowace roba.