Tsatsa ce ke yanke farashin tsohuwar Mercedes SL

Mercedes-Benz SL samfurin R107, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1989, tana cikin tsofaffin motocin ƙawa masu gudu da ake nema a Turai da Amurka. Sai dai ƙyallin fenti kan ruɗi mai saye. Babbar cutarta tsatsa ce, musamman a bangon ƙarfen da ya raba injin da mazaunin direba, inda gyara ke cin kuɗi ainun. Kafin a taya, makanike ya ɗaga ta ya duba ƙarƙashinta. A bi ƙofofinta da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, rami aka cike aka rufe da fenti. A gwada lambar jikinta da ta takardu, sannan a cire kuɗin gyara daga abin da dillali ya sa. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.