Yadda Ake Lissafin Kuɗin Fito

Yawancin kayan waje da ake kasawa a kasuwar Rano ko ta Kibiya daga Kantin Kwari, Singa ko Sabon Gari aka saro su, an riga an biya musu kuɗin fito tun a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Tin Can. Amma yanzu matasa da dama kan yi odar kaya kai tsaye daga Sin ko Dubai ta waya, kuma da yawansu sai kaya sun sauka suke sanin abin da hukumar kwastan za ta nema. Ga kuma tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairun 2023, ta matso da harkar kusa da gida.

Kwastan ba ta ɗora haraji a kan kuɗin sayen kaya kaɗai. Takan haɗa farashin kaya da kuɗin dako da na inshora, jimillar da 'yan harkar ke kira CIF, sannan a mayar da ita naira bisa canjin da hukumar ke aiki da shi a lokacin. Canjin nan shi ne ya fi karya 'yan kasuwa. Kafin Yunin 2023 kwastan na lissafa dala a ƙasa da naira 500, amma a 2024 sai da ta haura 1,500.

Daga nan sai rukunin kaya. Tun 2015 Najeriya ke bin jadawalin bai-ɗaya na ƙasashen ECOWAS mai matakai biyar: sifiri, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Kowane irin kaya yana da lambarsa, kuma lambar ce ke nuna matakinsa. Injinan masana'antu da ɗanyen kaya suna ƙasa-ƙasa, kayan da aka gama ƙerawa suna sama.

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Rano ya sayi kayan dala 9,000, dako da inshora suka ci 1,000, canji kuma naira 1,500. CIF ɗinsa naira miliyan 15 ke nan. Idan kayan na rukunin kashi 20 ne, kuɗin fito miliyan 3. A tsarin da aka daɗe ana bi, sai a ƙara kashi 7 na wannan miliyan 3, wato 210,000. Kashi 1 na farashin kayan ban da dako, kuɗin binciken kaya, 135,000. Da rabin kashi ɗaya na CIF, kason ECOWAS, 75,000. Harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 a Fabrairun 2020, shi ke zuwa ƙarshe, kuma a kan komai da komai yake hawa: 18,420,000, ya ba da 1,381,500. Abin da zai biya duka ya kama 4,801,500. Mutumin da ya sa rai da kashi 20 ya tashi da kashi 32, tun bai biya ejan mai fito masa da kayan ba, bai biya kuɗin tasha da motar da za ta kawo kayan Kano ba. A ganina, ɗora haraji a kan haraji irin wannan nauyi ne da ya kamata hukumomi su sake dubawa, domin a kan mai saye a ƙauye yake ƙarewa.

Ƙananan kuɗaɗen nan suna sauyawa. Dokar kwastan ta 2023 ta tanadi karɓar kashi 4 na farashin kaya. An fara a 2025, aka dakatar bayan ƙorafin 'yan kasuwa. Akwai kuma sauƙi: tarakta da garma da sauran kayan aikin gona ba a karɓar musu VAT, abin da ya shafi manoman yankin Rano da Kibiya kai tsaye.

Wanda zai shigo da kaya masu yawa sai ya buɗe Fom M a banki kafin a ɗoro su. Kada ka yarda ejan ya rage farashi a takarda ko ya sauya lambar kaya, domin in an gano, tara ce ko ƙwace kaya, kuma sunanka ne a jiki. Ka nemi lambar kayanka da canjin ranar, ka zauna da biro da takarda ka yi wannan lissafi tun kafin ka tura ko dala ɗaya.